A WUYAN WA ƊAN TALAKA YAKE IDAN YA KWANTA CIWO?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Tambayar da ake yawan turo mini a 'yan kwanakin nan ita ce: Malam, wannan inshorar lafiya da gwamnati ke cewa a yi wa yaran talakawa rajista, halal ce ko haram? Za mu zo kanta in Allah Ya yarda. Amma akwai tambayar da ta riga ta, wadda ban cika jin ana yi ba. Yaro ne ɗan shekara biyu, jikinsa ya yi zafi rau, ya fara jijjiga, likita ya ce sai an yi masa ƙarin jini, uban kuwa abin da ke aljihunsa bai wuce kuɗin motar da ta kawo su ba. A shari'ance wannan yaron a wuyan wa yake? Idan ya mutu, wa za a tambaya?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce, ubansa mana, ai shi ya haife shi. Kuma haka ne. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya san ciyar da 'ya'ya ƙanana da ba su da dukiya wajibi ne a kan uba, maza har su balaga, mata har miji ya tare da su. Amma ka lura da abin da littafin ya ƙara a wurin: ban da mata da iyaye matalauta da waɗannan 'ya'yan, babu wani dangi da ciyarwarsa ta wajaba a kan mutum. Wato a mazhabarmu ta Malikiyya alƙali ba zai kamo baffa ko kawu ko wa ya ce dole sai ka biya ba. Hanafiyya da Hambaliyya sun faɗaɗa abin zuwa wasu dangi, mu kuwa namu a taƙaice yake. To idan uban ya gaza fa? Shi ke nan an bar yaro ya zama na Allah Ya kyauta?

Malamanmu ba su bar shi haka ba. Abin da suka yi shi ne suka ɗauke nauyin daga dangi suka aza shi a kan baitulmali da jama'ar Musulmi baki ɗaya. A cikin Muhtasar, Shehu Halil ya lissafa tunkuɗe cuta daga Musulmi cikin farillan kifaya, a jere guda da tsayuwa da ilimin shari'a da fatawa. Sannan akwai wata mas'ala da ya kawo wadda duk lokacin da na karantar da ita sai na ga ɗalibai sun yi tsit. Mutum ne aka yi masa rauni mai zurfi har cikin ciki, ba abin da zai ceci ransa sai a ɗinke, ga wani a gefe yana da zaren ɗinkin, sai ya hana har mutumin ya mutu. Hukuncin shi ne akwai lamuni a kan mai zaren. Haka wanda yake da rarar abinci ko ruwa ya hana wanda yunwa ko ƙishirwa ke neman kashewa. Idan mabuƙacin yana da kuɗi a hannu, mai zare ya karɓi kuɗin zarensa. Idan babu, ba a ce ya riƙe abinsa ba.

Ɗan uwa, zare fa aka ce. Ba a ce ya sare shi ba, ba a ce ya tura shi rijiya ba. Hanawa kawai ya yi. Zaren zamaninmu kuwa shi ne ledar jini guda, da allurar zazzaɓin cizon sauro, da iskar oksijin ta kwana biyu. Ibnu Hazmin ma a cikin Almuhalla ya tafi a kan cewa wajibi ne mawadatan kowane gari su tsaya wa matalautansu, kuma shugaba ya tilasta musu idan zakka ba ta wadatar ba. Saboda haka maganin ɗan talaka a Musulunci haƙƙi ne da yake bin mu. Wanda ya biya bashi kuwa ba a yi masa kirari.

Matsalar farillar kifaya ita ce kowa yana zaton wani ya yi. A ƙauyen da gidajensa ba su wuce arba'in ba abin da sauƙi, domin kafin la'asar mai unguwa da liman sun ji cewa ɗan wane ba shi da lafiya. Amma a gari kamar Kano ko Kaduna ko Sakkwato, inda maƙwabci ke iya yin wata bai leƙa maƙwabcinsa ba, ta yaya ake sauke ta? Ku duba yadda muke sauke ta yanzu. Uwa ce a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i da takardar likita a hannu. Ko kuma a nan Facebook: hoton yaro tsirara a kan gadon asibiti, robar hanci a maƙale, ciki a kumbure, a ƙasa an saka lambar asusun banki, a taimaka a yaɗa saboda Allah.

Ba na zargin masu bayarwa, Allah Ya saka musu da alheri, kuma na san rayuka da yawa sun tsira ta wannan hanyar. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, wa ake taimako a irin wannan tsarin? Wanda hotonsa ya fi tayar da hankali. Wanda iyayensa suka san wani mai mabiya da yawa. Yaron da ke ƙauyen da ko sabis babu, wanda uwarsa ba ta taɓa riƙe babbar waya ba, ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Uban da kunya ta hana shi roƙo, irin mutanen da Alƙur'ani ya yabi kamewarsu har wanda bai sani ba yake zaton mawadata ne, shi ma ɗansa ba ya ciki. Ga 'yan damfara sun shigo sun ɓata ruwan, har ka ga hoto ɗaya yana yawo shekara uku da sunaye daban-daban. Shi kuwa yaron da aka ɗora hotonsa, babu wanda ya nemi izininsa, kuma gobe zai girma ya tarar da shi a intanet. Sutura ma ai haƙƙi ce.

Abin da ya fi damuna shi ne lattin. Kuɗin roƙo ba ya zuwa sai ciwo ya ci jiki, domin babu mai tura kuɗi saboda zazzaɓin kwana ɗaya. Alhali a kwana na farkon nan ne maganin yake da araha: gwaji da ƙwayoyin kwana uku. A kwana na biyar kuwa maganar gado ake yi da jini da ƙarin ruwa. Me ya sa uban ya jira? Kada ka yi saurin cewa jahilci. Sau da yawa lissafi yake yi. Ya san kati kuɗi ne, gwaji kuɗi ne, magani kuɗi ne, ga sauran yara ba a ɗora musu tukunya ba. Sai ya biya ta kemis ya ce a ba ni na ɗari biyar, a ɓallo masa rabin magani, ya koma gida yana fatan zazzaɓin zai sauka da kansa. Wani lokaci ya sauka. Wani lokaci kuma sai ka ji sanarwar jana'iza bayan azahar.

Wannan ne yake tuna mini abin da Ibnu Sa'ad ya ruwaito a cikin Ɗabaƙat game da Sayyidina Umar (RA). Wani ayarin fatake ya sauka a Madina, sai shi da Abdurrahman ɗan Aufu (RA) suka kwana suna yi musu gadi suna salla. Cikin dare Umar ya ji kukan jariri, ya je ya ja hankalin uwar. Ya sake ji, ya sake komawa. A karo na uku ya yi mata faɗa sosai. Ita kuwa ba ta san da wa take magana ba, sai ta gaya masa cewa yaye yaron take ƙoƙarin yi tun lokaci bai yi ba, saboda Umar ba ya yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi. Da asuba mutane ba su iya gane karatunsa ba saboda kuka. Da ya sallame sai ya zargi kansa da halaka 'ya'yan Musulmi, ya sa aka yi shela cewa kada wanda ya ƙara gaggauta yaye, daga yau duk jaririn da aka haifa yana da kasonsa, kuma ya aika da wannan umarni zuwa sauran garuruwa.

Dubi inda Umar ya ɗora laifin. Da farko a kan uwar ya gan shi, kamar yadda mu ma muke gani. Da ya ji dalili sai ya gane ƙa'idar da shi ya kafa ce take matsa wa mace har ta cire ɗanta daga nono. Bai hau mumbari ya yi wa mata wa'azin falalar shayarwa ba, ƙa'idar ya canza. Ƙa'idar da ke cewa sai an ga kuɗi a hannu kafin a taɓa yaro ita ma irin wannan aikin take yi a gidajenmu kullum. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kaiwa shekara biyar, a Arewa maso Yamma kuwa 187 ne. Kusan ɗaya cikin biyar ke nan. Ƙirga yaran layinku ka gani.

Yanzu mu zo ga hukuncin. Abin da ya sa malamai da yawa suka ƙi inshorar kasuwanci shi ne garari: kana sayen abin da ba ka san ko za ka samu ba, kamfani kuma ribarsa tana cikin kada ya biya ka, ga mu'amalar riba a wajen juya kuɗin. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta wannan nau'in, amma a wannan zaman dai ta halatta inshorar taimakekeniya wadda aka gina a kan kyauta da taimakon juna. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta riga ta faɗin haka tun 1397 bayan Hijira. Akwai ma irin su Shaikh Musɗafa Azzarƙa da suka halatta duka biyun, ko da yake ba su ne masu rinjaye ba. Dalilin bambancin shi ne garari yana ɓata ciniki, amma a babin kyauta ana yafe shi, kuma Malikiyya su ne suka fi kowa fayyace wannan ƙa'idar.

Asalinsa yana cikin Sunna. Buhari da Muslim sun ruwaito yabon da Annabi (SAW) ya yi wa Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa (RA), saboda idan guzurinsu ya ƙare a wajen yaƙi ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sai su tara abin da kowa yake da shi a mayafi guda su raba daidai. Wani ya kawo da yawa ya ɗauki kaɗan, wani ya kawo kaɗan ya ɗauki da yawa, kuma Annabi (SAW) ya danganta kansa da su saboda wannan halin. Haka diyyar kisan kuskure, dangin uba ake raba wa ita su biya tare don kada ta karya mutum ɗaya. Ba mamaki jihohinmu da dama suka zaɓi kalmar taimakekeniya, kamar hukumar Kano da aka kafa da dokar 2016.

Game da ɗan talaka kuwa maganar ta fi haka sauƙi, domin shi ba abin da yake biya. Baitulmali ne ke biya masa. Babu ciniki balle a yi maganar garari. Abin da nake gani, kuma shi nake ba da fatawa da shi, yi wa yaro rajista a irin wannan tsarin halal ne, kuma uban da ba shi da hali, aka kawo masa dama har ƙofar gida ya ƙi ba tare da dalili ba, ina ji masa tsoron tambaya.

Shi kuma ma'aikacin da ke cewa shekara biyar ana cire mini daga albashi ban taɓa zuwa asibiti ba, to ka ce Alhamdu lillahi. Lafiyar ce ribarka. Ka gyara niyya, kuɗin nan su zama sadaka, ka kasance cikin waɗanda suka zuba da yawa a mayafin. Masu cewa tanadin ciwo tun bai zo ba rashin tawakkali ne, su tuna Annabi Yusuf (AS) ya tanadi hatsin shekara bakwai, kuma Annabinmu (SAW) ya kasance yana ajiye wa iyalansa abincin shekara. Ba zan tsawaita a nan ba.

Inda zan tsawaita shi ne maganar da ta fi waɗannan nauyi, wadda talaka ke faɗa a majalisa: Malam, ai cinyewa za su yi. Wannan ba ta da amsa mai sauƙi, kuma duk wanda ya raina ta bai san ƙasar nan ba. A takarda ba mu da ƙarancin doka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya, wadda ta wajabta ta a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman don masu rauni, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki da tsofaffi da matalauta, aka ce ana son a kai ga mutum miliyan 83. Tun 2001 kuma, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, mu masu masaukin baƙi har yau gwamnatin tarayya ba ta kai can ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gwadawa. Tun 2006, zamanin Shugaba Tanja, aka ce magani kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Iyaye suka yi ta kai yara asibiti fiye da da, wanda ya nuna ashe kuɗi ne ke tsare su a gida. Amma gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, bashi ya taru, magani ya riƙa yankewa, har uwa ta je da yaro a rubuta mata takarda a ce ta saya a waje. Mu ma nan muna jin irin wannan koken daga masu riƙe da kati: a bar ka a layi har sai an gama da masu kuɗi a hannu, daga ƙarshe a ce maganin ya ƙare.

To me wannan yake nunawa? Wasu sun ce a watsar da tsarin kowa ya ji da kansa. Ni ban ga haka ba. Idan mai rabon gado ya ci amana ba a soke gado, shi ake kamawa. Kuɗin nan sun riga sun fita da sunan yaran, ko mun yi rajista ko ba mu yi ba, kuma ƙauracewarmu ita ce ta fi yi wa ɓarawo daɗi, domin babu mai zuwa ya tambaye shi. Wanda duk ya taɓa wannan asusun, daga babban ofis har zuwa mai ba da magani ta taga, ya sani ya haɗa cin dukiyar jama'a da mas'alar mai zaren nan, kuma ba zai taɓa sanin sunayen waɗanda za su riƙe shi ranar ƙiyama ba sai ya gan su. Haka wanda aka ba shi rubuta sunayen mabuƙata a mazaɓa sai ya cika takardar da 'ya'yansa da na 'yan jam'iyyarsu. Haka mai hali da ya karɓi gurbin, yana cewa ai rabona ne na gwamnati. Gurbin ƙidayayye ne, Alhaji. Shigar ɗanka fitar ɗan wani ce.

Akwai kuma masu cewa wannan zai ƙara wa iyaye maza sakaci, mutum ya yi ta aure yana haihuwa ya bar wa gwamnati. Sakacin yana nan, ba na musu. Mun san wanda yake da kuɗin lefen amarya amma ba shi da na maganin ɗansa mai sikila, kuma wannan mai zunubi ne, alƙali yana da ikon ya matsa masa. Amma in za a hukunta shi a hukunta shi a jikinsa da aljihunsa. Yaron bai zaɓi ubansa ba. Kuma Umar (RA) da ya yanka wa jarirai kaso bai sa a fara binciken halin iyayensu ba.

Wanda nake ganin duk an manta da shi a wannan zancen shi ne almajiri. Yawancinsu sun wuce shekara biyar, iyayensu suna wani gari, ba takardar haihuwa, ba wanda zai riƙe hannunsu zuwa wajen rajista. Idan zazzaɓi ya kama shi, kwanciya yake yi a soro har ya tashi ko kada ya tashi. Mu malamai da muke karɓar 'ya'yan mutane, wannan a wuyanmu yake kafin kowa, kuma bai kamata alaramma ya jira sai an zo nemansa ba.

Abin da nake roƙon limamai da kwamitocin masallatai shi ne abu kaɗan. Tsarin ya tanadi aƙalla asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. A wakilta mutum biyu su je su tambaya: yara nawa aka yi wa rajista a nan, ta yaya aka zaɓe su, wane magani katin ya ƙunsa, yaushe za a sake buɗe rajista? A dawo a faɗa wa jama'a bayan sallar Juma'a, domin da yawan iyaye ko labarin ba su taɓa ji ba. Inda gurbin gwamnati ya cika, hukumomin jihohi suna karɓar kuɗin shekara daga wanda yake son ya biya wa wani, sai masallaci ya tara ya biya wa marayun unguwa da almajiran makarantar da ke kusa. Masu tambaya ko za a iya yi da kuɗin zakka, malamai sun yi saɓani saboda sharaɗin mallaka wa talaka abin a hannunsa. Mafi kuɓuta a yi da sadaka ko wakafi, ko kuma a damƙa wa waliyyin yaron zakkar, a nuna masa ofishin, shi ya biya da kansa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wallahu a'alamu.